Yadda ake zaɓen ƙaramin jirgin ruwa na yawo idan a gidanka akwai wanda hayaƙin gazuwal ke tayar wa ƙirji

Jirgina na farko hannu na biyu na saye shi a nan Yamai. Dogo ne na katako, da injin gazuwal kwance a tsakiyar cikinsa, araharsa ce kuma ta ja ni. Ranar da muka fara fita da iyali da niyyar mu wuni a ƙauyen Bubon, ko unguwar Gudel ba mu gama wucewa ba uwargida ta fara tari, ƙirjinta na kuka kamar usur. Tana da fuka tun tana yarinya, amma ban taɓa kawo wa raina cewa a tsakiyar kogin Isa, inda iska ke kaɗawa ta kowane gefe, hayaƙi zai cim mata ba. Muka juyo. Jirgin ya yi watanni ɗaure a bakin ruwa kafin na rabu da shi da hasara.

Tun daga lokacin na sake jirgi sau biyu, na kuma raka abokai da dama wajen saye. Ga yadda nake yi yanzu.

Kayan da za ka tanada

- Farin ƙyalle mai tsabta, guda biyu ko uku.
- Siririn ƙyalle ko zare mai tsawon kamu ɗaya, da ƴar sanda da za ka ɗaura shi a kai. Shi zai nuna maka inda iska ta dosa.
- Tocila mai haske sosai.
- Ƙaramar na'ura mai aiki da batir ta gano karbon monoksaid, wato iska mai guba da inji ke fitarwa. In da hali ka nemi mai nuna lamba a fuskarta, domin wadda ƙara kawai take yi ba ta kuka nan take idan gubar kaɗan ce, sai ta daɗe a wurin.
- Littafi da biro. Waya ta isa wajen duba lokaci.
- Makaniki naka na kanka, ba wanda mai jirgin ya kawo ba.
- Rigar ceto ga duk wanda zai shiga ruwa.
- Maganin shaƙa na mai larurar, a aljihunsa, ba a cikin jaka a mota ba.

Idan na'urar gano gubar ba ta samu ba, ka yi sauran gwaje-gwajen, amma kada ka sayi jirgi mai ɗaki ko mai rufaffen gefe sai ka same ta.

Abin da ya kamata ka sani kafin ka taka bakin kogi

Hayaƙin gazuwal ɗauke yake da ƙananan ɓurɓushin baƙin toka waɗanda ke kutsawa can cikin huhu, da wasu iskoki masu yaji da ke sa hawaye da ƙaiƙayin maƙogwaro. Mai fuka da mai ciwon ɓarin kai su ke fara ji. Ba tsirfa ba ce kuma: a shekarar 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sa hayaƙin gazuwal a rukuni na 1, wato cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan Adam.

Sai dai inda mutane ke ruɗuwa shi ne su ɗauka da zarar an guje wa gazuwal magana ta ƙare. Injin esansi ya fi na gazuwal fitar da karbon monoksaid nesa ba kusa ba, ita kuwa ba ta da wari, ba ta da launi. Gazuwal yana yi maka sallama da warinsa. Ita ba ta sallama.

1. Tabbatar da abin da ke tayar da ciwon

Kafin ka kashe ko dala, ka ɗauki hayar kwale-kwale na filafili wajen masunta, marar inji sam, ku yi rabin awa a kan ruwa da mai larurar. Idan a nan ma zuciyarsa ta tashi ko kansa ya sara, to jijjigar ruwa ce ko ƙyallin rana, kuma sauya inji ba zai magance ba. Idan lafiya lau ya sauka, ka san hayaƙi ne ko warin mai.

Ka tambaye shi kuma: me ya fi damunsa a gari? Hayaƙin manyan motoci, ko na tsohon babur, ko warin da ke tashi a gidan mai? Wani hayaƙin kaɗai ke kama shi, wani ko ɗanyen gazuwal ya shaƙa a jarka ya shiga uku. Amsar nan ce za ta gaya maka ko inji za ka fi sa wa ido ko jikin jirgi. Mai fuka ya ga lokotoro tukuna, a duba ko maganinsa na riƙe shi yadda ya kamata.

2. Zaɓi irin injin kafin ka zaɓi jirgi

Da yawa sukan fara ganin jirgi, fentinsa ya burge su, sannan su karɓi duk injin da ke jikinsa. Ka juya lamarin. Iri huɗu za ka tarar.

Injin gazuwal na cikin jirgi. Shi ne mai ƙarancin shan mai da juriya, shi ya sa masu dakon kaya ke sonsa. Amma zaune yake tare da ku a ciki, salansarsa na iya yoyo a kowace mahaɗa, kuma mai na ɗiga a ƙarƙashinsa. Mafi muni shi ne wanda aka ciro daga injin ban-ruwa ko janareta aka ɗora, salansar na busa hayaƙi daidai hancin wanda ke zaune. Ga gidan da ke da mai larura, ni ba na ma tsayawa ciniki.

Injin ratayawa mai bugu biyu, wanda makanikanmu ke ce wa de-tan, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40 da suka cika gaɓar kogi. Esansi yake sha, amma ana haɗa masa baƙin mai a ciki yana ƙonewa tare, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na man na iya fita ba tare da ya ƙone ba. Shi ne shuɗin hayaƙin nan da bakan gizon da kake gani kwance a kan ruwa. Wanda ya bar gazuwal ya koma wannan, ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago. Kowane makaniki ya iya gyaransa, kayansa na samuwa, ba shi da nauyi, duk gaskiya ne. Ƙirjin mai fuka bai san wannan ba.

Injin ratayawa mai bugu huɗu, katar-tan. Baƙin mansa daban, esansinsa daban, kamar na mota. Hayaƙinsa kaɗan ne, ƙararsa ƙasa-ƙasa, kuma kamar sauran injunan ratayawa, idan ana tafiya hayaƙin ta tsakiyar farfela yake fita a ƙarƙashin ruwa. Ya fi tsada, kuma mai doki 15 ya fi takwaransa de-tan nauyi da kilo 10 ko fiye. Shi nake amfani da shi yanzu, shi kuma nake ba yawancin mutane shawara. Doki 9,9 zuwa 15 ya wadatar da ƙaramin jirgin iyali. Kada ka sayi ƙarami ainun don tsimi, domin injin da ake matsa wa iyakar ƙarfinsa kullum ya fi hayaƙi.

Injin lantarki mai batir. Babu hayaƙi ko kaɗan, sai dai ka yi lissafi da idonka a buɗe. Ƙaramin nan mai bolt 12 da ake rubuta wa 55 a jiki yana jan kusan amfiya 50 idan ka buɗe shi duka. Batir na dalma da aka rubuta wa 100Ah, wato ƙarfin ba da amfiya 100 na awa ɗaya, rabinsa kawai ya kamata ka sha in kana so ya yi ƙarko, ka ga awa ɗaya ke nan a cikakken gudu, ko sa'o'i kaɗan idan a hankali kake tafiya. Farantin sola mai wat 100 yana ba da amfiya 5 zuwa 6 da tsakar rana, don haka mayar da abin da ka sha zai ci kamar kwana biyu. Batirin mota bai dace ba, na sola za ka nema. Ya isa yawon yamma kusa da gida a jirgi marar nauyi. Bai isa ya tura ƙaton kwale-kwalen katako gaba da ruwa ba a watan Agusta da Satumba lokacin da kogi ke cika da jan ruwan damina, ko daga Disamba zuwa Fabrairu idan ruwan da ke gangarowa daga ƙasar Gine ya iso.

3. Je ka shinshina jirgin da sassafe, injin a kashe

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya ci ni a jirgina na farko. Katako yana shan gazuwal kamar yadda tuwo ke shan miya. Jirgin da ya yi shekaru da injin gazuwal, ko ka cire injin ka sa na lantarki, da rana ta buga shi warin zai taso daga jikin allunan. Babu omon da ke fitar da shi gaba ɗaya. Na gwada toka, na gwada yashi, na gwada fenti a kai. Bayan sati biyu warin ya dawo.

Ka ɗaga allunan da ake takawa, ka haska da tocila. Ka dangwala farin ƙyalle a ruwan da ya kwanta a ƙasa ka shinshina. Idan ruwan na ƙyalli kala-kala, ko katakon wajen mazaunin inji ya yi baƙi yana santsi, ka yi wa mai shi godiya ka wuce. Ka tambaya kuma da me aka toshe mahaɗun allunan. Wasu kwalta suke sawa, wasu har tsohon baƙin mai suke shafawa don katako ya daɗe, kuma duka biyun suna tashi da wari a zafin Afrilu da Mayu.

Jirgin alminiyom ko na roba mai tauri ba ya shan mai, ana wanke shi ya fita tas. Idan ba ka same su ba, ko kuɗinka bai kai ba, gara ka ba masassaƙa su yi maka sabon na katako ka gaya musu abin da ba ka so a shafa, da ka sayi tsohon da ba ka san tarihinsa ba.

4. A tayar da injin a gabanka yana da sanyi

Ka ɗora hannu a kan injin kafin a ja igiya. Idan da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka zo don ya ɓoye halinsa. Ka ce gobe za ka dawo, kada a taɓa shi.

Da ya tashi, duba launin hayaƙin. Baƙi: mai ya fi iska yawa, ko kaya sun fi ƙarfinsa. Shuɗi: yana ƙona baƙin mai. A de-tan wannan ɗabi'arsa ce, amma a katar-tan ko na gazuwal alamar lalacewa ce. Fari mai yaji a injin gazuwal: man bai ƙone ba. Wani mai jirgi ya taɓa ce mini, "Alhaji, ai na sanyi ne, da ya yi zafi zai daina." Na ce, "To Malam, mu zauna mu jira shi." Muka yi minti 10 yana turnuƙewa. Ɗan hayaƙi a minti biyun farko ba komai ba ne, wanda ya wuce minti biyar ba na sanyi ba ne.

A wannan gwajin mai larurar ya tsaya nesa, ta gefen da iska ke fitowa.

5. Gwaji a kan ruwa, kai da makaniki tukuna

Ka kafa sandar nan mai ƙyalle a wurin da mai larurar zai riƙa zama, ka ajiye na'urar gano guba kusa da ita, daidai tsayin hancin wanda ke zaune. Sannan ku yi waɗannan, kowanne minti biyar, kana rubuta abin da hancinka ya ji da lambar da na'ura ta nuna:

a tsaye a ɗaure injin na aiki; tafiya a hankali iska na bayanku; tafiya da baya; cikakken gudu; sannan a maimaita duka da rumfa a kafe.

Na biyun shi ne mugun. Idan kuna tafiyar kilomita 8 a awa, iska kuma na biyo ku da irin wannan saurin, hayaƙin ba ya zuwa ko'ina, tare kuke tafiya da shi kamar an kifa muku ƙwarya. Za ka ga ƙyallen ya sauka ya yi laƙwas, ko ma ya nuna gaba. A Yamai kogin daga arewa maso yamma yake gangarowa zuwa kudu maso gabas. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma, don haka galibi ta gefe take bugun jirgi, wanda sa'a ce gare mu. Amma kogi yana da kwana, kuma a kowace kwana lissafin na sauyawa.

Batun rumfa kuwa, duk wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura mai tamfol a hanyar ƙasa ya san ta baya ƙura ke shigowa, ba ta gaba ba. Haka rumfar jirgi take yi. Idan aka rufe gabanta da gefunanta aka bar baya a buɗe, zuƙo hayaƙi take yi daga wajen inji zuwa cikin mutane. Rumfa ta zama inuwa kawai a sama, gaba da baya a buɗe, iska na ratsawa.

A tsaye kuma, ko katar-tan ne, hayaƙin ba ta ƙarƙashin ruwa yake fita duka ba. Akwai ƴar kafa a bayan injin sama da ruwa da yake numfashi ta nan. Shi ya sa jiran fasinja da inji a kunne ya fi tafiyar kanta cutarwa.

6. Sai a shigo da mai larurar

Idan jirgin ya ci gwajin farko, ku sake fita wata rana tare da shi. Minti 15 kawai, kusa da gaɓa, maganinsa a hannu. Ya zauna can gaba, ta gefen da iska ke fitowa. Kada ka yanke hukunci a bakin ruwa, domin wani ƙirjin sai dare yake amsawa. Ku kwana, ka tambaye shi da safe. Jiki magayi.

Kada kuma ka yi masa tambaya a gaban mai jirgi. Matanmu da kunya, za ta ce "ba komai" alhali idonta ya yi ja.

Ka zaɓi wurin gwajin da kyau. Kusa da gadar Kennedy da yamma hayaƙin motoci ya isa ya ɓata maka lissafi, haka ma gaɓar da injunan ban-ruwa na lambuna ke aiki. Ranar da ƙurar hunturu ta rufe gari ma ba ranar gwaji ba ce, ba za ka bambance abin da ya tayar da tarin ba.

7. Shirya jirgin bayan saye

Tsawon jirgi abokinka ne: duk ƙarin taku tsakanin inji da mazaunin mai larura riba ce. Tankin mai ya zauna a baya kusa da matuƙi, a inuwa, tiyonsa sabo, mahaɗunsa a ɗaure. A zuba mai a kan tudu kafin iyali su iso, ba a cikin jirgi ba, a goge abin da ya zube, ƙyallen kuma kada ya shiga jirgi. Tsarin shiga shi ne: a tayar da inji ya ɗumama, a kashe, mutane su shiga, a tura jirgin da gora ya bar gaɓa, sannan a sake tayarwa a wuce kai tsaye.

Ka sayi mai a gidan mai. Na ƴan ruwa-ruwa ya fi sauƙin samu a wasu unguwanni, amma ba ka san abin da ya shiga kwalbar ba, kuma datti ko ruwa a kabureta hayaƙi ne. Katar-tan ana canza masa baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100 ko shekara guda. Idan za ka kwantar da shi a mota, akwai gefen da aka ƙayyade. Ka kwantar da shi ta ɗaya gefen, mai ya gangara inda bai kamata ba, washegari ya yi ta hayaƙi kana zagin wanda ya sayar maka.

8. Idan ka riga ka mallaki de-tan ko na gazuwal, kuma babu halin sauyawa

Ga de-tan: ka daina haɗa mai da ido. Yawancinsu kashi 1 cikin 50 ne, wato mililita 20 na man haɗi a kowace lita ta esansi, mililita 500 a tanki mai lita 25. Ka duba littafin injinka ka tabbatar, ka auna da babban sirinji daga farmasi. Matuƙa da yawa suna ƙarawa "don inji ya ji daɗi", abin da suke samu kuwa hayaƙi ne da buji mai baƙi. Ka nemi man da aka rubuta wa TC-W3, shi aka yi don injin ruwa, ba baƙin man mota ba.

Ga na gazuwal: a wanke ko a canza matatar iska, a duba allurai masu fesa mai a cikin inji, a bi salansa da farin ƙyalle daga inji har bakinta, duk inda ƙyallen ya yi baƙi akwai yoyo. A ƙara mata tsawo ta fita can baya, a sa faranti a ƙarƙashin inji yana tare ɗigon mai. Wannan ragewa ne, ba warkarwa ba.

Wata dabarar da ta yi mini amfani kafin na sayi katar-tan: mu hau sama da inji, uwargida na can gaba iska na bugun fuskarta, idan mun kai sai a kashe, mu gangaro da ruwa da filafili. Dawowar ta fi daɗi ma, ana jin kukan tsuntsaye. Da injin lantarki ma haka za ka yi, ka fara da hawa, don in batir ya mutu ruwa ya maido ka gida. Sai dai a wajen Bubon akwai dorina, kuma jirgin da ba ya ƙara ba ya sanar da su zuwansa. Ka ɗauki ɗan gari wanda ya san makwancinsu.

Takunkumi fa? Na asibiti mai shuɗi ba ya tare abin kirki a nan. Mai lamba FFP2 ko N95 yana tare ɓurɓushin toka, ba ya tare iskoki masu yaji. Mai gawayi a ciki yana rage wari, kuma a nan haɗarinsa yake, domin karbon monoksaid na wucewa ta cikinsa alhali kai kana jin komai lafiya.

9. Alamun da za su sa ka kashe inji nan take

Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ko barci mai nauyi da ya zo ba dalili, musamman idan mutum biyu ko uku suka ji a tare, ko yaro ya yi shiru ya langaɓe. Kada ka ce rana ce. Kashe injin, yaye rumfa, a matsar da mutum inda iska ke kaɗawa, a nufi gaɓa mafi kusa da filafili. Wanda ya ruɗe ko ya suma asibiti za a kai shi kai tsaye ko da ya farfaɗo a hanya, a kuma gaya musu hayaƙin inji ya shaƙa, don iskar oksijin yake bukata. Mai fuka ya zauna a miƙe, kada a kwantar da shi, ya shaƙi maganinsa yadda lokotoro ya tsara masa. Idan ba ya iya ƙarasa magana saboda haki, ko leɓensa ya sauya launi, shi ma asibiti.

Yara kuma kada su yi wanka ko su riƙe bayan jirgi injin na aiki, ko da a tsaye yake. Nan ne gubar ta fi taruwa, dab da fuskar ruwa, ga kuma farfela.